Kukan Famfon Gado Na Huɗu

Shafi na 27

Masu zagin Baba mai agogo a ƙarƙashin shafin jiya, na ga saƙonninku kaf. Har da wadda ta rubuta wai tsofaffi ba sa jin magana, a daina barinsu kusa da mara lafiya. To 'yar uwa, gyara zama ki karanta wannan, in kin gama sai mu yi maganar.

*

Cikin sito, ɗakin ajiyar kaya, Sista mai jinya ta shige, ta turo ƙofa, ko fanka ba ta kunna ba.

Tun da ta karɓi aiki da safe take neman wannan damar, sai yanzu da rana ta take ɗakin masu tsananin ciwo ya ɗan lafa. Ta sauko da ɗaya daga cikin sababbin famfunan da ke kan kanta. Na'ura ce kamar ƙaramar rediyo, aikinta tura magani cikin jijiyar mara lafiya kaɗan-kaɗan ba tsayawa, su a ɗakin famfo suke ce mata. Ta zuƙo ruwan gishiri a sirinji ta ɗaura, ta saka bakin robar cikin wata tasar silba, ta ƙara gudun don ta gani da idonta. Sannan ta kunna.

Koriyar fitila ta fara ƙiftawa. Ruwa na ɗiga a tasar.

Ta lanƙwasa robar da yatsu biyu, yadda take lanƙwashewa idan mara lafiya ya naɗe hannu. Ba a jima ba famfon ya fasa kuka. Ta saki robar, ta ɗora babban yatsa a kan madannin da ke kusurwar ƙasa, ta danne ta riƙe, kamar yadda hannunta ya saba yi shekara da shekaru.

Kukan ya ɗauke.

Fuskar famfon na nan da haskenta, lambobin na nan inda suke. Wanda ya leƙo daga bakin ƙofa sai ya rantse aiki yake yi. Fitilar ce kawai ta koma rawaya, ta daina ƙiftawa. A tasar kuwa ɗigo ya tsaya cak.

Ta sake gwadawa. Wannan karon taɓa madannin kawai ta yi ta ɗauke yatsa. Kuka ya tsaya, ruwa ya ci gaba da ɗiga abinsa.

Ta kuma danne shi ta riƙe. Ruwa ya tsaya.

Ta zauna a kan kwalin safar hannu.

Sabo turken wawa. Tsofaffin famfunan ɗakin madanninsu duk ya cinye, sai ka danne da ƙarfi ka riƙe kafin su yi shiru, kuma da sun yi shiru suke ci gaba da aiki. Waɗannan na makon jiya kuwa, madannin na nan a kusurwa ɗaya da na dā, amma riƙe shi umarni ne cewa a dakatar da magani har sai an dawo.

Kuma abin da ta koya wa Baba ke nan jiya.

Ɗansa Direba aka kawo hanjinsa ya fashe, aka yi masa aiki, ciwon ya shiga jini. Maganin da ke cikin famfon nan shi kaɗai ke riƙe da jininsa kada ya faɗi. Babban ɗaki ya cika, aka sa shi a gado na huɗu, can ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen baranda, inda ko na'urar auna bugun zuciya babu. Yana ta naɗe hannu cikin zafin ciwo, famfo na ta kuka, ita kuma ta rasa inda za ta raba kanta. Dama ita ta bar tsohon ya zauna kusa da ɗansa duk da doka ta hana. Sai ta kamo yatsansa da hannunta, ta ɗora masa a kan madannin.

"Baba, in na'urar ta yi kuka, ka miƙe masa hannu, ka danne nan, ka riƙe har ta yi shiru."

Tana fita jini ya ɓalle wa wata mata a babban ɗaki, aka rufu a kanta. Ko da Sista ta dawo gado na huɗu, Direba ya yi sanyi ƙalau, gumi ya jiƙa matashi, Baba na zaune yana yi masa fifita, yana cewa ai ya samu barci.

Da ƙyar aka dawo da shi. Likita yana haki ya dubi famfon, ya dubi tsohon.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne, Likita."

"Wa ya ce ka taɓa?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Ba kowa."

Tana tsaye a wurin da tiren allura a hannu. Baki gare ta, lafiyarta ƙalau, ba ta ce uffan ba. Tana kallo mai gadi ya riƙe wa tsohon hannun riga ya fitar da shi. Da ta koma gida ta yi ta lallashin kanta cewa ai hannun Baba rawa yake yi, wataƙila wani madannin ya taɓa. Yanzu tasar silba ta raba gardama.

Ƙofar siton ta buɗe.

Metiron ce, shugabar masu jinya ta ɗakin, da makullanta a hannu. Ta dubi famfon, ta dubi tasar, ta dubi Sista a kan kwali. Ta mayar da ƙofar ta jingina da ita.

"Kin gwada ke nan."

Sista ta ɗago. "Kin sani, Ma?"

"Tun jiya da yamma. Na kira mutumin kamfanin ya faɗa min."

"Shi ne ba ki gaya min ba?"

"Filastar da kika gani manne a kan madannan yau da safe, aljanu kike zaton sun manna? Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda zai ƙara riƙe madannin nan a ɗakina. An toshe wannan ƙofar, sai ki kwantar da hankalinki."

"Ma, ni na nuna wa tsohon nan."

"Na sani."

"Ni na kama yatsansa na..."

"Na ce na sani. Na gan ki ta gilashin ƙofa lokacin da nake wucewa."

Sista ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba.

"Kin gan ni, ba ki hana ni ba?"

"Da wane ilimin zan hana ki? Ni ma haka na san ana yi." Metiron ta sauke numfashi. "Ke aka tura ki koyo mana. Ke ce Uwar Famfo."

Sunan da 'yan ɗakin suka laƙaba mata ke nan, don ko famfon da ya gagari kowa, in ta zo ta shafa shi sai ya tashi. A dā tana jin daɗin sunan. Yau ji ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi.

"An tura ni, gaskiya ne. Wa ya kira ni a waya ana tsakar bayani, ya ce in baro wajen in dawo, babu hannu a ɗaki?"

"Ni ce."

"To?"

"To me kika ce min da kika dawo? Na tambaye ki ko in roƙi mutumin ya ƙara miki wata rana. Kika yi dariya kika ce, Ma, famfo ai famfo ne, ni za a koya wa?"

Haka Sista ta faɗa, ko harafi Metiron ba ta ƙara ba. Mutumin ma ya ba ta ɗan littafin bayani, yana nan a jakarta, ko ledarsa ba ta yage ba.

Metiron ta sassauta murya.

"Zauna, ƙanwata. Ba faɗa na zo yi ba. Da ni da ke jirgi ɗaya ya ɗauko mu. In an yi la'asar shugabannin asibiti za su zauna a kan maganar. Abin da ke gabansu shi ne ɗan uwan mara lafiya ya taɓa na'ura ba da izini ba. Shi da bakinsa ya faɗa. Babu wanda ya matsa masa."

"Rufa min asiri ya yi."

"To Allah ya saka masa. Ke kuma sai ki karɓa."

"Ma, ɗansa ne fa."

"Na san ɗansa ne. Amma ki yi tunani da kai, ki bar zuciya. Me za a yi wa tsohon nan? Aiki gare shi da za a kore shi? Lasisi gare shi da za a ƙwace? An yi masa faɗa, an hana shi shiga, shi ke nan. Ke kuwa in kika buɗe baki, rigar nan ta bar jikinki har abada. Ki tuna da yaranki."

"Ina tunawa."

"Ki kuma tuna da waɗanda ke kwance a can. Jijiyar da ta ɓuya, wa ake kira ya nemo? In kika tafi, wa ya rage min? Yaran da suka fito makaranta bara? Mutum nawa za su mutu don ke kin je kin wanke zuciyarki?"

Maganar nan ta shige ta, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma irin wannan maganar ta fi ƙarya zalla wuyar turewa.

"In ya mutu fa, Ma?"

"In kwanansa ya ƙare, maganarki ba za ta dawo da shi ba. In da saura, shirunki ba zai kashe shi ba." Ta buɗe ƙofar. "Zubar da ruwan nan, ki mayar da famfon inda kika ɗauko. Ki wanke fuskarki kafin ki fito."

*

Direba yanzu yana babban ɗaki, gadon da ke kusa da taga. Na'ura ce ke yi masa numfashi. Ƙato ne, irin mutanen da in suka shigo ɗaki sai ya cika, amma yau zanin gado ya shanye shi. Sista ta tsuguna ta duba jakar fitsarin da ke rataye a gefen gadon. Abin da ke ciki bai cika cokali biyu ba tun safe. Ƙodar ta ƙi tashi.

"Uwar Famfo, taimaka ki leƙo min wannan," in ji Doguwa, abokiyar aikinta, daga ɗaya gadon. "Tun da Metiron ta yi musu kaciya da filasta na rasa gane kansu."

Wata ta yi dariya. Sista ta je ta duba, ta ce lafiya lau yake.

"Ke kam yau ba kya cikin daɗi," Doguwa ta ce. "Ko tsohon nan ne? Rabu da shi. Wallahi mutane sai a hankali, ka yi musu rana su yi maka dare. Kin tausaya masa kin bar shi ya zauna, dubi abin da ya ja miki."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sista ta ce za ta sha iska, ta fice.

*

Baba na nan a kan bencin da ke fuskantar ƙofar ɗakin, inda yake tun jiya. Mai gadi ya ce ko gida bai je ba, salla kawai ke tayar da shi. Ɗan siririn tsoho ne mai farar hula, tabarau ɗaure da zare. Ya riƙe hannunsa na dama da na hagu a kan cinya, ya matse shi tamau.

Babbar 'yarsa na tsaye a kansa, yayar Direba, ta fito daga dubiya idonta jawur. Ta dangwarar da fulas a gefensa.

"Ga shayi nan."

"Yaya jikin nasa?"

"Yana inda ka kai shi."

"Ya buɗe ido?"

"Baba, don Allah ka bar ni. Ina ganin girmanka, kada ka sa na faɗi abin da ba shi ke nan ba. Sau nawa na ce ka zauna a gida ni in yi jinya? Kofin shayi ma ba ka iya riƙewa, sai na'urar asibiti? Wa ya aike ka?"



Sai a lokacin ta lura da Sista. Nan take fuskarta ta sake, har da ɗan rusunawa.

"Sista, sannu da ƙoƙari. An ce jiya ke kika fara ganinsa. Ba don ke ba da tuni an yi jana'iza. Allah ya raya miki zuri'a."

"Amin," Sista ta ce.

"Bari in je in karɓo maganin da aka rubuta."

Ta wuce ba ta ƙara kallon ubanta ba.

Baba ya matsa gefe, ya kakkaɓe bencin da hannun riga.

"Zauna, 'yata. Kin sha tsayuwa. Kada ki ga laifinta, ita ta goye shi da uwarsu ta rasu. Zafin ciki ɗaya ne."

Ta zauna a bakin bencin.

"Ka ci abinci, Baba?"

"Ana ci ne in akwai wurin zubawa." Ya ɗan murmusa. "Gaya min gaskiya, yaya Auta?"

"Yana numfashi da taimakon na'ura. Ƙodarsa muke jira."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗago hannun damansa ya sake shi, suka zuba masa ido yana kakkarwa shi kaɗai.

"Kin ga wannan? Shi ya ciyar da su duka. Agogon da ya gagari gari ni ake kawo wa. Ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba, da shi nake ɗaukowa in mayar mazauninta. Ranar da ya fara rawa na rufe shago da kaina, na ce ba zan ɓata wa mutane kaya ba. Kayan mutane na ji wa tsoro, 'yata, amma ban ji wa ɗana ba."

"Baba..."

"Bari in ƙarasa. Da kika kama yatsana jiya, na san yana rawa. Kamata ya yi in ce miki a'a, nemi wani. Amma sai na ji daɗi. Na ce ashe har yanzu ina da amfani. Tun da na rufe shago babu wanda ya sake ba ni wani aiki, sai dai Baba zauna, Baba kwanta, Baba kawo in riƙe maka. Son a san da ni ne ya kai ni. Tun jiya nake ta lissafi, wane madanni na zame na taɓa. Ko na sama ne, ko na gefe. Na kasa tunawa."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Me ya sa ka ce wa Likita ba kowa?"

"Af. To me zan ce? Kin bar ni na zauna da ɗana alhali doka ta hana. Kin nuna min abu daidai, hannuna ya ɓata. Sai kuma in kira sunanki a ci mutuncinki? Ba haka aka rene ni ba."

Da zaginta ya yi da ta fi samun sauƙi. Ta tuna yaranta, ta tuna rigar da ke jikinta, ta tuna duk abin da Metiron ta lissafa mata a sito, babu wanda ta manta. Abin da ya rage mata kawai ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta tashi ta koma bakin aikinta. Har ta dafa benci za ta miƙe.

Sai ta ga ya mayar da hannun kan cinya, ya sake matse shi da na hagu, har jijiyoyin suka fito.

"Baba, hannunka bai zame ba."

Ya juyo.

"Daidai ka danna. Inda na nuna maka, yadda na nuna maka."

"To ai da daidai na danna da ba ta tsaya ba."

"Abin da na nuna maka ne ba daidai ba. Sabuwar na'ura ce. In aka riƙe madannin nan, tsayar da maganin take yi. Ban sani ba. An tura ni in koya, ban tsaya na gama ba, na dawo ina ganin na iya. Ko mai lafiyayyen hannu na sa, abin da zai faru ke nan."

Tsohon bai motsa ba. Wani ma'aikaci ya wuce yana tura keken marasa lafiya, tayar na ƙara, har ya sha kwana, sannan Baba ya karkato kunne.

"Sake faɗa, kunnen nawa ba shi da ƙarfi."

"Ba laifinka ba ne. Nawa ne."

Ya cire tabaraunsa, ya riƙe a hannu, bai goge ba.

"Na miƙe masa hannu," ya ce a hankali, kamar mai biya karatu. "Na danne. Na riƙe har ta yi shiru."

"Haka na ce ka yi."

"To da na bar ta tana kukan fa?"

"Da wani ya ji ya leƙo."

"Da an zo."

"Da an zo, Baba."

"Ashe kira take yi a zo a cece shi, ni kuma na toshe mata baki. Ina zaune ina yi masa fifita, ina jin daɗi ya samu barci."

Ta sauko daga kan bencin ta durƙusa a gabansa, ba ta damu da masu wucewa ba.

"Ka yafe min don Allah."

"Tun yaushe kika sani, Malama?"

Malama. Tun ranar da aka kawo Direba bai taɓa kiranta da wani suna ba sai 'yata.

"Maganar madannin, ɗazu na tabbatar."

"Ba ita na tambaya ba. Da Likita ya ce wa ya sa ni, kina ina?"

"Ina tsaye."

"Da aka ja ni waje?"

"Ina tsaye."

"Ɗazu da yarinyar nan ta sa miki albarka a gabana, me kika ce?"

Ya amsa wa kansa.

"Amin kika ce. Na ji ki." Muryarsa ba ta ɗaga ba. "Kuskure ba ya wuce kan kowa. Ni ma na taɓa ɓata agogon mutum. Amma ban taɓa barin mai shi ya tafi yana zaton shi ya yar da shi ba. Kwana na yi a bencin nan ina roƙon Allah ya ɗauke ni kafin yaron nan, don kada in ga ranar. Kin sani?"

"Ka yafe min, Baba."

"Yafiya ba ta da wuya, baki ke faɗa. In na yafe a nan tsakanina da ke, sai me? Yarinyar can tana nan da abin da ke ranta. In Auta ya tafi, ita za ta tsaya a kaina ranar da zan mutu, tana kallon wanda ya kashe mata ƙane. Jikokina da wannan labarin za su tashi."

"In na faɗa korata za a yi. Ina da yara ƙanana."

Ba ta so maganar ta fito ba, amma ta fito, ta ji kunyar kanta har ƙasa.

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

"Ni ma ina da yaro," ya ce. "Ga shi can."

Ƙofar ɗakin ta buɗe.

Likita ne, ya sauke takunkumin fuskarsa zuwa wuya, goshinsa duk gumi. Metiron na bayansa. Ganin Sista a durƙushe ya sa ta tsaya cak, makullan hannunta suka yi ƙara. Daidai nan yayar Direba ta ɓullo daga ɗaya ɓangaren da ledar magani, tana ganin fuskar Likita ta fara sassarfa.

"Likita, lafiya? Me ya faru?"

"Ku zo ofis ke da Baba," ya ce. "Akwai maganar da nake so mu yi a zaune."

Ledar ta suɓuce mata.

Baba bai tashi ba. Ya mayar da tabaraunsa, ya gyara zaren a bayan kunne.

"Likita, taka ta ɗan jira. Ko mene ne, ya riga ya faru. Wannan malamar tana da magana, kuma a gaban 'yata nake so ta faɗa."

"Sista, ana nemanki a ciki," Metiron ta ce da sauri. "Tashi. Yanzu."

Babu wanda ya kula ta. Yayar Direba ta dubi ubanta, ta dubi matar da ke durƙushe a gabansa da farar riga, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Sista? Wace magana?"